Tikiti Biyu da Zaman Mis Odile

Kusan shekara biyar Delphine Arceneaux tana bin kuɗin tikitin nan da gudu, shi kuma yana gaba yana waiwayenta. Ranar da 'yarta Josette ta cika shekara biyar ta ɗauki alkawari a gaban kowa: kafin ki cika goma, zan kai ki Tsibirin Fitilu. Filin wasannin nan ne na Florida da duk yaron garinsu, Lake Charles ta jihar Louisiana, ya san hotonsa tun bai iya rubuta sunansa ba. A lokacin tikitin mutum ɗaya dala ɗari da goma ne. Delphine na jami'a da rana, tana tsaron kanti da yamma. Ta tara, ya koma ɗari da talatin. Ta ƙara tarawa, ya yi tsalle. Da ta gama karatu ta samu aikin koyar da lissafi a sakandare, tikitin ya kai ɗari da tamanin da tara, kuɗin ajiye mota daban. Jibi kuma Josette za ta cika goma.

Ba ta roƙi kowa ba. Mutanen da suka ce yarinyar da ta haihu tana shekara goma sha takwas ba za ta ga ƙofar jami'a ba, su za ta je ta roƙa? Ta zuba mai, ta biya kwana biyu a wani ɗan masauki na bakin titi, abin da ya rage a jakarta kuɗin tikiti ɗaya ne da na ajiye mota. Su kuwa su uku ne: ita, da Josette, da mahaifiyarta Odile. Sauran tikiti biyun a hannun wani kamfanin gidajen hutu suke, irin masu sayar wa mutum mako guda na kowace shekara a ɗakinsu. Sharaɗinsu kowa ya sani. Ka zauna minti casa'in ka saurari tallarsu, ko ka saya ko ba ka saya ba, su ba ka tikiti biyu kyauta. In ka tashi kafin su sallame ka, ka tashi hannu wofi.

Da safe, bayan sun kwana a masaukin a Florida, suna kan hanyar zuwa kamfanin Josette ta ƙwalla ƙara daga kujerar baya.

"Momi! Mawmaw! Ga shi can!"

Bayan itatuwan bakin titi wani jan ƙarfe ya miƙe sama, ya lanƙwashe, ya sake miƙewa, kamar wani ya rubuta shi a jikin gajimare. Wani ɗan jirgi ya rarrafa har ƙololuwarsa, ya tsaya cak, sannan ya sulalo. Sai da ya ɓace ihun mutanen ciki ya iso kunnensu, siriri, kamar daga wata duniya. Delphine ta rage gudu ba ta sani ba, har na bayanta ya danna mata oda.

"Yesu, Maryamu da Yusufu," in ji Odile. "Mutane ne a cikin abin nan?"

"Mutane ne, Mawmaw. Gobe har da ke."

"Har da uwarki dai." Ta juyo wajen Delphine. "Ke kuma buɗe kunne. Matan ƙungiyar mawaƙan cocinmu su huɗu sun yi wannan zaman. Uku sun fito da tikiti. Ta huɗun, Bernadine, har yau biya take, mijinta ya daina gaishe ta da safe. Abu ɗaya suka ce: ki ce a'a, kada ki ba da dalili."

"Mama, lissafi fa nake koyarwa. Ni za a ruɗa da lamba?"

"Na ji, Farfesa."

Ba ofis suka tarar ba, gari guda ne. Ruwa na zubowa daga bango mai hawa uku a cikin zauren karɓar baƙi, kifaye ja da fari suna iyo a ƙarƙashin gilashin da ake takawa. Josette ta ƙi taka shi sai a kan yatsu. Wani saurayi mai fararen haƙora ya taho da hannu a miƙe tun daga nesa. Ya ce sunansa Trent. Kafin su kai tebur ya riga ya san sunan makarantar Delphine, da ranar haihuwar Josette, da cewa Mis Odile na son kofi baƙi ba sukari.

Aka kai Josette ɗakin yara, inda akwai fenti da takardu da wata mace mai hula kamar kifi. Aka kawo musu ƙwai da burodi da lemo. Delphine ta duba agogo: tara da kwata.

"Mun fara ƙirga, ko?"

Trent ya yi dariya har da dafa ƙirji. "Haba, Madam Arceneaux, wa ke ƙirga lokacin karin kumallo? Sai mun zauna a teburin magana agogo ke tashi. Yanzu dai ku zo ku ga gidanku."

Lifta ta ɗauke su zuwa hawa na goma sha huɗu. Ya buɗe ƙofa ya ja da baya. Delphine ta shiga da niyyar ta ga aibu, ta rasa. Gadaje farare tas, bahon wanka da zai ɗauki mutum huɗu, kicin da ya fi falonsu na gida girma. Sai Trent ya danna wani abu, labule ya yaye da kansa.

Tsibirin Fitilu ne gaba ɗayansa shimfiɗe a ƙasa. Tafki mai shuɗi a tsakiya, jan ƙarfen nan ya kewaye rabinsa, hasumiyoyi masu rufin zinariya, wata ƙatuwar ƙwarya ta gilashi tana ɗaukar rana tana mayarwa. Mutane kamar an watsa gero. Duk abin da ta yi shekara biyar tana gani a allon waya, ga shi da gaske, yana motsi, tsuntsaye na ratsa shi. Ta dafa gilashin da tafin hannu. Numfashinta ya bar tabo a jiki.

"Da yamma, daga nan ake kallon wasan wuta," in ji Trent a hankali. "Ba cunkoso, ba layi. Ki zauna da shayinki. Kowace shekara."

Odile ta leƙa sau ɗaya, ta yi alamar gicciye, ta koma ta tsaya bakin ƙofa riƙe da jakarta.

Ƙarfe goma da rabi suka zauna a teburin magana. Babban ɗaki ne mai tebura kusan talatin, kowanne da iyali da mai talla, sanyin na'ura kamar cikin firji, kiɗa na tashi sama-sama yadda ba ka jin abin da ake faɗa a teburin kusa. Trent ya zaro farar takarda ya fara zane. Nawa kuke kashewa a hutu? A shekara ashirin nawa ke nan? Ya rubuta lamba, ya kewaye ta, ya ja mata layi biyu.

"A'a, na gode," in ji Odile.

Delphine kuwa ta ga kuskure a lissafin, kuma ba a haife ta da iya ganin kuskure ta yi shiru ba. Ta karɓi bironsa ta gyara. Ta nuna masa bai sa kuɗin ruwa ba. Trent ya buɗe ido kamar an ba shi kyauta.

"Kai! Ban taɓa zama da wanda ya kama wannan ba. To Madam, in kuɗin ruwan ne matsalar, in na sauke shi fa?"

Ta ce ba shi kaɗai ba ne, kuɗin farko ma ya yi yawa. Ya raba shi uku. Ta ce hutun makaranta kaɗai take da shi. Ya ce ai makon hutun makaranta zai ba ta. Ta ce nisa. Ya buɗe littafi mai hotunan gidajensu a jihohi tara. Duk ƙofar da ta rufe sai ta ga ashe taga ta buɗe masa. Can wani tebur aka buga ƙararrawa, aka fasa balan-balan, ɗakin ya ɗauki tafi: wani iyali sun sa hannu. Matar tana dariya tana share hawaye, mijin yana kallon tebur.

Sha biyu ta wuce. Delphine ta nuna agogo.

"Minti casa'in sun cika."

"Sun cika kam. Manajana kawai zai zo ya sa hannu a takardar sallama, minti biyu."

Manajan, Mista Halloran, dattijo ne mai furfura da muryar limamin coci. Bai zo da takardar sallama ba. Ya ja kujera ya zauna kusa da Delphine, ya ce yanzu ya fito daga ɗakin yara.

"Josette ta gaya mini wani abu. Ta ce mominta ba ta taɓa karya alkawari ba." Ya ƙara matso da kujerarsa. "Kwana ɗaya za ki ba ta? Madam, kwana ɗaya a wurin nan layi uku ne da ciwon ƙafa. Shekara biyar ta jira."

Ya ajiye wasu katuna uku masu ruwan zinariya a kan tebur, ya jera su da ɗan yatsa. Kwana biyar, mutum uku, da izinin tsallake kowane layi. Ɗakin hawa na goma sha huɗu daga daren yau. Duk kyauta, in ta sa hannu. Biyan wata-wata kuwa ya rubuta shi ƙarami a gefen takarda, bai kai kuɗin wayarta da na mai ba.

"Amma farashin na yau ne kawai. In kin fita ƙofar nan, ya tafi." Ya kalli Odile da murmushi, ya dawo kan Delphine. "Ke ce mai digiri, ke ce mai albashi. Ban ɗauka sai kin nemi izinin wani ba."

Nan ya same ta. Tun tana shekara goma sha takwas take jin ana yanke mata abin da ya fi ƙarfinta. Ta kalli katunan. Ta tuna ɗakin masaukinsu mai warin taba, da Josette tana taka gilashi a kan yatsu kamar mai tsoron a kore ta. Don me 'ya'yan wasu za su kwana a sama, tata ta leƙa ta fita? Lambar da ke gefen takarda ta san ƙarya ce, amma ƙarya ce da za ta iya biya. Mista Halloran ya turo wata yarjejeniya mai kauri, an manna 'yan jajayen takardu a duk inda za a sa hannu. Biro na hannunta tun ɗazu.

Odile ba ta fizge biron ba. Ba ta ko kalli 'yarta ba. Ta gyara jakarta a cinya ta ce, "Yallaɓai, shafi nawa ne?"

"Arba'in da biyu, Mis Odile, amma duk maganar lauyoyi ce. Na riga na taƙaita muku."

"Allah ya saka. To karanta mana."

"Na'am?"

"Da ƙarfi. Na bar tabarauna a masauki. A gidanmu ba a sa hannu a takardar da ba a karanta wa babba ba. Ita mai digiri ce, ni ce mai ita."

Tabarau na cikin jakar, Delphine da idonta ta ga an saka shi.

Mista Halloran ya yi 'yar dariya, ya dubi Trent, ya ga ba mafita, ya fara. Ya karanta shafin farko da sauri kamar mai tsallake kwata.

"A hankali, yaro. Kunnen hagun nan ba ya aiki. Koma daga sama."

Ya koma. Shafi na biyu. Na uku. Duk kalmar da ta fi ƙarfinta sai ta ɗaga ɗan yatsa a fassara mata, in an fassara ta gyaɗa kai ta ce a sake karanta layin yanzu da ta gane. Ƙarfe ɗaya ta yi. Teburan da ke kewaye suka watse, sababbin iyalai suka fara taruwa a bakin ƙofa suna jiran kujera. Trent ya kawo ruwa, ta ce ta gode, ba ta sha ba. Ya ce ko za ta zaga bayi, ko ta ɗan miƙe ƙafa? Ta ce lafiyarta ƙalau.

A nan ne Delphine ta fara kallon uwarta. Shekara talatin da ɗaya Odile tana zaman jinya a gidajen mutane, ana biyanta ta zauna gefen gadon tsofaffin da 'ya'yansu ba su da lokacin zama. Da kuɗin zaman nan aka sayi madarar Josette, da shi aka biya littattafan jami'a. Amma Delphine ba ta taɓa ganin aikin da idonta ba. Ta ɗauka zama zama ne. Yanzu ga shi a gabanta. Tafin ƙafa biyu a ƙasa, baya a miƙe bai taɓa jikin kujera ba, hannu biyu a kan jaka, numfashi a hankali kamar na mai barci, ido kuwa tar. Awa uku a cikin sanyin da ya sa yatsun Delphine suka ƙage, matar nan mai ciwon gwiwa ko gyara zama ba ta yi ba. Kiɗa na dukanta yana wucewa. Ƙararrawa ta sake tashi, ba ta waiwaya ba. Duk ginin nan, da ruwan da ke zuba daga bango, da liftarsa da labulensa mai buɗe kansa, an gina shi ne don ya gajiyar da mutum, ga shi ya haɗu da wadda gajiya ta daɗe da sallamawa. Tsigar jikin Delphine ta tashi. Abin da ta ji a bakin tagar hawa na goma sha huɗu bai kai wannan ba.

A shafi na bakwai muryar Mista Halloran ta yi ƙasa, ya bi ta kan wani layi da gudu.

"Tsaya. Wannan fa?"

Ya yi gyaran murya. "Kuɗin kula da gini na shekara-shekara na iya ƙaruwa gwargwadon yadda kamfani ya ga ya dace."

"Har zuwa nawa?"

"Ba a faɗa ba."

"Har zuwa yaushe?"

Ya duba takardar kamar yau ya fara ganinta. "Nauyin yana kan mai saye, da magadansa bayansa."

"Magada su wane ne kuma? Ka san ban yi boko mai nisa ba."

"'Ya'ya ke nan, Mis Odile."

"Oho. Wato 'yar nan mai kitso biyu da ke ƙasa tana zanen kifi."

Delphine ta dubi biron da ke hannunta. Ta ajiye shi a kan yarjejeniyar, a hankali, ta janye hannunta zuwa cinya.

Mista Halloran ya rufe takardar. "Bari mu bar karatun nan, mu yi maganar—"

"Saura shafi talatin da biyar," in ji Odile. "Ni ba inda za ni. Na taɓa zama wata goma sha ɗaya da wani Mista Fontenot, Allah ya ji ƙansa. Shi ma kullum cewa yake yau ce rana ta ƙarshe."

Trent ya juya baya, kafaɗunsa na rawa. Manajan bai yi dariya ba. Ya juyo ga Delphine, ya sauke murya, ya ce zai cire kuɗin shekarar farko, zai ƙara kwana biyu a kan biyar.

"A'a, na gode," in ji Delphine.

"Ki gaya mini dalili kawai. Mene ne ya tsaya miki?"

Dalilai goma suka taso mata har maƙogwaro, kowanne da lissafinsa, kowanne tana iya kare shi a gaban allo. Ta haɗiye su ɗaya bayan ɗaya. Ba ta taɓa yin abu mai wuya kamar wannan shirun ba, har da jarrabawar ƙarshe.

"A'a, na gode."

Ya tambaya sau uku, ta ba shi amsa ɗaya sau uku. Ya kwashe katunan zinariyarsa, ya ja 'yar takardar sallama ya sa mata hannu da wani zane da ya kusa yaga ta.

Ofishin kyauta a bayan ginin yake, kusa da inda ake tara shara, ba kifi ba kiɗa. Wata mata ta miƙo musu takardu biyu ta taga ba ta ɗago kai ba. Ƙarfe biyu da minti ashirin. Sai da suka fito rana Odile ta dafa bango, ta ce, "Farfesa, nemo mini bayi kafin in ba da kunya a Florida." Josette ta fito da hoton kifi guda shida, tana tambaya me ya sa suka daɗe. A cikin mota suka ci jan wake da shinkafar da suka taho da ita a kula, ƙafafun Odile a kan kujera, sun kumbura kamar burodi.

Washegari tun kafin a buɗe suna bakin ƙofa. Mai karɓar kuɗin mota ya ce talatin da biyar, ba talatin ba. A tagar tikiti allo ya nuna ɗari da casa'in da takwas.

"Jiya ɗari da tamanin da tara na gani," in ji Delphine.

"Jiya Juma'a ce, Madam. Yau Asabar."

Odile ta taɓa mata gwiwar hannu. "Ku shiga ku biyu da na kyautar. Ni in zauna a mota, ga inuwa, ga rediyo. Abin da na gani ta taga ya ishe ni."

"Mama, jiya kin yi zamanki. Yau ko tura motar nan za mu yi har Louisiana, sai kin shiga."

Ta zaro daga kuɗin man komawa ta cika, ta turo ta taga, kanta a sama. A bakin shiga wani ma'aikaci ya ɗora takardun kyautar a kan na'ura. Na'urar ta ɗan jinkirta. Sai ta yi ƙara, fitila ta koma kore. Ta biyu ma kore. Ta ukun da aka saya ma kore.

Suka bi ta wani ɗan rami mai duhu suka fito, sai duniya ta buɗe. Kiɗa na fitowa daga cikin furanni. Iska na ƙanshin sukari da aka ƙona. Wani mutum mai tsawon bene ya ratsa su a kan ƙafafun sanda, ya sunkuyo ya cire wa Odile hula, ita kuma ta amsa da "Ina kwana, yallaɓai" kafin ta tuna kanta. Ruwan tafki ya tashi sama a layi-layi yana rawa da kiɗan, rana ta shiga cikinsa ta fito kala bakwai. Jan jirgin ya wuce ta saman kansu da rugugin da ya girgiza ƙasa, ƙafafun mutane na lilo a sama. Josette, wadda bakinta bai huta ba tun daga Lake Charles, ta yi tsit. Ta kama hannun uwarta da na kakarta ta matse.

Ƙatuwar ƙwaryar gilashin nan suka nufa. Layinta awa guda ne da 'yan mintuna, a rana, masu katin zinariya na wuce su ta wata ƙofar gefe. Delphine ta bi su da kallo sau ɗaya, ba ta sake ba. Suka ci soyayyiyar kaza daga jaka, suka sha ruwan famfo, Odile na jingine da ƙarfen layi tana ba wata mata 'yar Ohio labarin maganin gwiwa.

Aka sa su a wani ɗan kwale-kwale, su uku a kujera ɗaya, Josette a tsakiya. Ya sulala cikin duhu. Sanyi, ƙarar ɗigar ruwa, ba ka ganin tafin hannunka. Sai wani ɗigon haske ya bayyana a sama, sai goma, sai dubu. Rufin ya zama ruwa. Suna ƙarƙashin teku, haske na saukowa shuɗi-shuɗi yana rawa a fuskokinsu, ƙananan kifaye na juyawa tare kamar hayaƙi. Daga can nesa wata murya mai zurfi ta taso, ba kuka ba, ba waƙa ba, ta shiga ƙashin ƙirji. Wani kifi ya fito daga duhun, ya fi motar bas tsawo, yana tafe a hankali kamar ba abin da ya taɓa sa shi sauri. Ya bi ta saman kansu. Cikinsa fari, da tabo-tabo, ɗansa na manne a gefensa. Ya juyo ido ɗaya, girman faranti, ya dube su.

Odile na ta motsa baki, addu'a ce ko me, ba a ji. Hasken na kwance a kumatunta da suka jiƙe.

"Momi," Josette ta raɗa, ba ta sauke kai ba. "Na gaske ne?"

Delphine ta san amsar. Ta san inda ake ɓoye fitilun, ta san madubai ne da lissafin kusurwa, tana iya zana shi a allo cikin minti biyar. Inuwar kifin ta rufe kwale-kwalen gaba ɗaya, ruwan da ke ƙarƙashinsu ya ɗaga su ya sauke.

"Yi shiru," ta ce a hankali. "Kada ya ji mu ya tafi."